Ɗalibina mai galahanga ba ya zama gaban waya, yaya zan koyar da shi daga nesa?

Tambaya: Ni malamar nazare ce. Ina da ɗalibi ɗan shekara 4 mai lalurar galahanga (autism, lalurar da ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane), bai fara magana ba tukuna. Iyayensa sun koma wani gari, sun roƙe ni in ci gaba da koyar da shi ta kiran bidiyo na WhatsApp. Da na fara magana sai ya tashi ya bar wajen. Ina mafita?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Tashin nan ba taurin kai ba ne. Yaro ƙarami da hannunsa yake koyo, sai ya taɓa, ya ɗaga, ya jefar. Ko lafiyayyun yara 'yan shekara 2 zuwa 4, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada zamansu gaban allon waya ko talabijin ya wuce awa 1 a rana.

Don haka ki sauya ɗalibi: mahaifiyarsa za ki koyar. Ta jingina wayar inda za ki hango su biyun a kan tabarma, yaron ba sai ya kalle ki ba. Ke kina faɗa mata abin da za ta yi, ita tana yi da shi. Minti 10 ya isa, in ya gaji kafin nan a tsaya.

Kayan aikin ma suna cikin gida. Ta ɗauki hoton kofinsa, ƙwallonsa da abincin da ya fi so, a wanke su a takarda. In yana son ruwa, ta riƙe kofin a gabansa, wani a bayansa ya kama hannunsa ya miƙa mata hoton, sai ta ce "ruwa" ta ba shi nan take. Wannan dabara ta musayar hotuna, PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka ƙirƙiro ta a Amurka a 1985. Abin da ya fi yi wa iyaye mata wuya shi ne jira, don tausayi kan sa uwa ta ba da abu tun kafin a nema. Ki koya mata ƙirga 10 a zuciya kafin ta taimaka.

Ranar da intanet ya ƙi, ta ɗauki bidiyon minti 2 lokacin cin abinci ta turo miki, ki mayar mata da saƙon murya, gyara ɗaya kacal. Ki kuma tambaye su ko an taɓa auna jin yaron a asibiti. In ba a yi ba, su fara da wannan.