Keken burji, gangaren dutse da birkin jabu: amsoshin wannan makon

Tambayoyin keke ne suka cika min akwati wannan karon, kuma kusan kowa dutse da daji yake son shiga, toh bismillah.

Wani ɗalibi daga Bukuru ya ce: "Ina so in fara zagaya wajen Lamingo da duwatsun Shere a keke. Na ga wani da ake kira girabul a intanet, shi zan saya ko keken hawan dutse? Kuɗina ba su da yawa."

Ƙanena, wannan girabul ɗin ni keken burji nake ce masa, don aikinsa kenan. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere amma tayarsa ta fi kauri, yawanci milimita 38 zuwa 45, an yi shi don hanyar tsakuwa da jar ƙasa. Yana da daɗi, ba musu. Amma da kuɗin ɗalibi ba za ka samu na ƙwarai ba, na ƙwaran ko gwanjo ne kuɗinsa sai ya kama hanyar kuɗin babur na hannu. Sannan Shere, duwatsun nan na gefen Jos, ba burji ba ne zalla, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800 kuma duwatsu ne tsirara a hanya. Nemi keken hawan dutse na gwanjo, jikin alminiyom, wanda ba shi da sifirin a baya. Ka duba giyar baya, babban faifan ya zama mai faɗi sosai, shi ne zai hau da kai tudu ba tare da ka sauka kana turawa yara na maka dariya ba. Canjin da ya rage ka sayi hular kwano da famfo.

Wani Malam daga Kaduna ya rubuto: "Na ga sabon keke dal a leda, birkin faifai, giya 21, an rubuta Shimano a jiki, kuma kuɗinsa bai kai na wani tsohon tokumbo da duk fentinsa ya goge ba. Ai sabon ya fi ko?"

Malam, zauna, don nan ne inda nake da magana. Kai da kanka ka ba da amsa: sabo a leda ya fi tsoho araha, ba ka tambayi kanka dalili ba? Shimano kamfanin Japan ne na gaske mai ƙera giya da birkin keke, amma sitika ba ta da wuyar bugawa, kuma na sha ganin keken da sunan ke jikin ƙarfe ɓaro-ɓaro amma in ka duƙa ka leƙa abin canja giyar, wani gwangwani ne da za ka iya lanƙwasawa da yatsa biyu. Na gasken suna da lamba a zane a jikin ƙarfen, irin su RD-M310, ba a takarda aka manna ba. Ka kwafi lambar ka sa a waya, in babu ta a duniya toh ka san inda ka dosa. Kuma suna da aji-aji, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore. Na keken burji kuwa GRX ake ce masa, a 2019 ya fito, duk wanda ya ce zai ba ka GRX a farashin buhun shinkafa biyu ka yi masa sallama kawai.

A cikin gari jabu ba ya nuna halinsa, shi ya sa mutane ke cewa ai ni nawa shekara guda lafiya lau. Eh, daga gida zuwa masallaci zuwa shago, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Gangare ne ke tona asiri. Ni abin ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Na sayi takalmin birki a wani shago, mai shagon har da rantsuwa wai orijina ne, kwalin ma ya fi na gasken sheƙi. Ina saukowa wani dogon gangare a bayan gari, burji ne mai ƙananan tsakuwa, tun ban kai rabi ba na fara jin ƙauri kamar an ƙona leda, na matse hannun birki sai na ji ya taho har ya taɓa kan keken, keke kuwa ko a jikinsa. Ƙafa na sa ina jan ƙasa, na ƙare a cikin wata gonar dankali, gwiwa ta sale, wando ya tafi. Da na cire abin na duba, fuskar da ke kama faifan ta ɓamɓare daga ƙarfenta gaba ɗaya, gam ne kawai ya riƙe ta, zafi na taɓa shi ya saki. Na yi tsimin kuɗin da bai kai na tsire ba, na biya na kemis ninki.

Hular kwano ma haka. Ta gaske in ka juya ta za ka ga wani taurarren kumfa mai kauri a ciki, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kanka, kuma akwai tambarin gwaji, EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Tambarin ma ana iya bugawa, don haka ka danna kumfan da babban yatsa, ka ja igiyar haɓa da ƙarfi ka gani. In roba ce da soso kamar na katifa, wannan murfin kwano ne ba hula ba. Kuma hula ita kaɗai ce ban yarda a saya gwanjo ba, don in ta taɓa buguwa sau ɗaya ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum zai zuba kuɗi a riga mai ɗamewa da tabarau mai launin bakan gizo don hoton Instagram, amma a zo kan birki sai ya hau ciniki kamar mai sayen tumatir da yamma. Malam, ɗauki tokumbon nan, amma ka je da mai gyaran keken unguwarku ya duba wajen walda ko akwai tsaga, ya juya wili ya ga ko yana rawa.

Wani kuma wai: "An ce birkin gaba yana wurga mutum, in cire shi kawai?"

Haba. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da keke. Abin da ke wurga mutum shi ne cafke shi lokaci ɗaya. Ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka riƙa matsa duka biyun a hankali. In ka cire kuma don Allah kar ka ce kana karanta ni.

Wata uwa daga Bauchi ta ce: "Ɗana da abokansa uku za su je Mambilla yawon keke, ni dai barci ya gagare ni. In hana shi?"

Mama, Allah ya kwantar da hankalinki, damuwarki a kan hanya take. Ban ce ki hana shi ba, amma ki sa sharuɗɗa. Mambilla ƙasa ce mai kyau ƙwarai, tuddai kore shar, gonakin shayi a Kakara, kurmin Ngel Nyaki, shanu ko'ina, tsayin wurin kusan mita 1,600 ne, sanyinsa ya fi na Jos. Na farko, kar su je da damina, jar ƙasar can in ta jiƙe sai ta zama sabulu, ga hazo da ke rufe hanya, su bari sai Nuwamba zuwa Fabrairu. Na biyu, hawan nan na bayan Mayo Selbe mai kwana-kwana su ɗora kekunan a mota, hawa da sauka, sai sun isa sama wajen Gembu ko Nguroje su fara yawonsu. Na uku kuma shi ne babba, su samu ɗan gari da zai riƙa gaya musu inda ake bi da inda ba a bi a wannan satin, su gaida mai unguwa duk ƙauyen da suka sauka, su dawo masauki kafin la'asar sakaliya. Gandun Gashaka-Gumti kuwa ba a shiga haka kawai, sai da izinin ma'aikata da ɗan rakiya. Ki sani akwai wuraren da babu sabis, in kin kira ba ta shiga ba kar zuciyarki ta tsinke, ku dai yanka lokaci ɗaya kullum da zai nemo inda waya ke kamawa ya kira ki. Ki sa masa rigar sanyi a jaka ko ya ce ba ya so.

Ki kuma gaya masa wannan, zai yi mamakin inda kika sani: kekunan waje da yawa bawul ɗinsu, wato bakin da ake sa wa taya iska, siriri ne, famfon mai facin ƙauye ba ya kama shi. Ya sayi ɗan ƙaramin mahaɗin da ake ɗaurawa a kai, ya riƙe tub biyu, faci da sholisho.

Mai tambaya a kan tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa ruwan gam: tana maganin tsidau da ƙananan ƙaya sosai, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi sauri. In ba ka da inda za ka riƙa samun ruwan, zauna a kan tub ɗinka.

Sai wanda ya ce yana so ya ratsa dajin Falgore ko na Birnin Gwari shi kaɗai don ya ɗauki bidiyo. A'a.