Tsarabar Cakulan: Wace Daraja Take da Ita a Wasu Ƙasashe?

TAMBAYA: Yayana ya dawo daga karatu a Turai, ya kawo wa mahaifiyarmu kwalin cakulan, ita kuwa ta raba wa jikokinta a tsakar gida tana cewa ai alewar yara ce. Ran yayana ya ɗan sosu. Shin wane matsayi cakulan yake da shi a can? Daga wata mai karatu, Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Malama, Hajiya ba ta yi laifi ba, domin a wurinmu goro ne yake riƙe da wannan matsayi, shi ake rabawa a ɗaurin aure da raɗin suna, shi kuma ake miƙa wa babba don girmamawa. Yayanki goron Turawa ya kawo mata.

Itacen koko da ake yin cakulan da ƙwayoyinsa, ba kokon gero da muke sha da ƙosai ba, asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko sukan niƙa ƙwayoyinsa su dama da ruwa da barkono, ya zama abin sha mai ɗaci na sarakuna da mayaƙa, har ma sukan yi ciniki da ƙwayoyin kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, suka sa masa sukari, kuma ya daɗe yana abin shan masu hannu da shuni. Sai a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya fitar da sandararren cakulan da ake gutsura, a 1875 kuma Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara.

A Japan, mata ne suke ba maza cakulan ranar 14 ga Fabrairu, har da abokan aiki, maza kuma su rama ranar 14 ga Maris, tamkar bikin da matanmu suke yi wa juna. A Meziko har cikin miyar kaza ake sa shi. Gana ta mayar da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, kuma ta cancanci hakan, tunda ita da Kwaddibuwa ne suke noma fiye da rabin kokon duniya. Mu ma ana noma shi a Ondo da Kuros Riba, sai dai yawancinsa ɗanye ake fitar da shi.

Idan an sake kawo wani, a sa shi a firji, domin zafin Argungu zai narkar da shi kafin la'asar.