Bairos mai kama fumfuna: kashewa yake yi ko karya lago?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo an ce akwai "ƙwayar cuta mai kashe ƙwayar cutar shuka". Wannan Hausa ce kuwa? Kuma ya dace a ce ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya?

Amsa: Hausa ce, sai dai an dunƙule abu biyu a suna ɗaya. Mai cutar da shukar fumfuna ce, dangin burtuntuna da ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari. Wasu kan ce naman gwari, amma a bakin jama'a sunan mai laimar nan ne da ke tsirowa da damina. Mai kama fumfunar kuwa bairos ne, wanda ba ya hayayyafa sai a cikin jikin wata halitta.

Ƙaiƙayi bai shigo nan ba. Ana faɗinsa ne ga wanda sharrin da ya ƙulla ya dawo kansa, ita kuwa fumfuna ba ita ta aiko bairos ba. Wanda ya dace shi ne gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Inda na fi ja da mai fassarar shi ne "kashe". Karya mata lago yake yi, kuma da zai kashe ta nan take da bai samu hanyar yaɗuwa ba. Fumfunar Cryphonectria parasitica, wadda aka fara gani a Niyok a 1904, ta halaka biliyoyin itatuwan cesnat (wani babban ice mai 'ya'ya da ake ci) a Amurka, ta hanyar yi musu gyambo a ɓawo. An gan ta a Italiya a 1938, amma bayan 1950 Antonio Biraghi ya lura gyambon wasu itatuwa na warkewa. Daga baya aka gano bairos ne ya raunana ta: launinta na ruwan lemo ya dushe, irinta ya ragu, ta tsaya a saman ɓawo har icen ya rufe ciwon.

Ga yadda ake aikin. A huda ramuka a ɓawo kewaye da bakin gyambon, a cusa fumfuna mai ɗauke da bairos da aka raina a ɗakin gwaji, a liƙe don kada ta bushe. Zaren jikinta ya haɗe da na muguwar fumfunar da ke cikin gyambon, bairos ya tsallaka.

Nan ne gizo ke saƙa. In jinsin fumfunan biyu bai jitu ba, mahaɗar takan mutu, sau da yawa bairos bai kai ga wucewa ba. Jinsunan sun fi yawa a gabashin Amurka, shi ya sa dabarar ta yi tasiri a Turai, can kuwa ba ta yi ba, in ban da wurare irin Mishigan. A Sin, a 2010 aka bayyana bairos SsHADV-1 na fumfunar Sclerotinia, wanda ke iya shigarta daga waje, har an gwada fesa shi a gonakin wata shuka dangin kabeji da ake tatsar mai daga irinta.