Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa aiki Saudiyya

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni nan Jidda, inda ka ce wani dillali ya sama maka aikin sito a Riyad, ya faɗa maka albashi da baki, kuma kana tambaya ko doka za ta tsaya maka idan magana ta sauya bayan ka sauka.

Za ta tsaya maka, amma a kan abin da aka rubuta. Yarjejeniyar da hukuma ta sani ita ce wadda kamfani ya shigar a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago, kai kuma ka amince da ita ta wayarka, kuma duk inda Larabci ya saɓa da wani harshe a cikinta, Larabcin ake bi. Saboda haka kada ka danna amincewa sai wanda ya iya Larabci ya zauna da kai kun bi ta layi-layi, kun ga nawa ne asalin albashi, nawa ne kuɗin gida da na mota, da kuma sana'ar da aka rubuta maka.

Abin da doka ta ɗora wa wanda ya ɗauke ka aiki, wato kafili, a fili yake. Aiki awa 8 ne a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma ya koma awa 6 ga Musulmi, abin da ya haura haka a biya shi da ƙarin rabin asalin albashin awa. Hutun shekara kwana 21 ne, ya zama 30 bayan shekara biyar. Kuɗin igama, wato katin izinin zama a ƙasar, da na izinin aiki da sabunta su, har da tikitin komawa gida idan yarjejeniya ta ƙare, duk a wuyan kafili suke, kuma ba shi da hurumin riƙe maka fasfo, ko da ya ce ajiye maka zai yi. Ranar sallama akwai kuɗin ƙarshen aiki, wato albashin rabin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, da na wata guda a kowace shekara bayansu, sai dai wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara biyu ba ya samun komai.

Kai ma akwai naka nauyin, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Haramun ne a doka ka yi wa wani aiki ban da kafilinka, ko da ɗan wankin mota ne ranar Juma'a. Mafi muni shi ne barin wurin aiki cikin fushi. Mutum ya yi wata biyu ba a biya shi ba, ya tattara jakarsa ya koma ɗakin 'yan garinsu, kafili ya kai rahoton ya gudu, abin da a nan ake ce wa hurub. Daga nan yana iya tashi daga mai bin bashi ya zama wanda ake nema, ƙarshenta a tarhil, wurin da ake tsare waɗanda za a kora zuwa ƙasarsu. Wanda aka danne wa haƙƙi ya zauna a bakin aikinsa, ya adana bayanan asusunsa na banki, ya shigar da ƙorafi a sashen sulhu na ma'aikatar ƙwadago, idan sulhu ya gagara a miƙa maganar kotun ƙwadago. Tun daga watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki ba da yardar kafili ba bayan shekara guda, ko kafin haka idan an hana shi albashi wata uku a jere.

Wannan duka ga ma'aikacin kamfani ne. Idan bizarka ta fito da sunan direban gida ko mai aikatau, kana ƙarƙashin wani tsari ne daban da ake gudanarwa ta manhajar Musaned, kuma sassaucin 2021 bai haɗa da su ba. Bizar Umara kuwa sam ba ta halatta aiki, duk abin da dillali zai rantse maka. Kafin ka ba shi ko kobo, ka sa ya turo maka hoton bizar da sunan kamfanin, ka aiko mini in duba sana'ar da ke jiki.

Ka gaida su Inna.