Ciwon dajin hanta gado ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ciwon dajin hanta ne ya yi ajalin mahaifinmu, yanzu kuma an ce yayana yana da ciwon hanta. Gado ne? Ina da juna biyu, hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, ke kuma Ya sauke ki lafiya. Yawanci abin da ke bin gida ba dajin ba ne, ƙwayar cutar hanta ce nau'in B, wadda kan iya jawo dajin. Uwa kan ba jariri ita wurin haihuwa, ana kuma ɗaukarta ta jini da saduwa: askar wanzami ɗaya a kan yara da yawa, kaciya, tsaga, rezar mai yankan farce. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta, kada a ware yayanki.

Ki nemi gwajin HBsAg, wato gwajin jini na gano ƙwayar B, a wurin awo, mutanen gidan ma kowa ya yi. Wanda ba ya da ita ya karɓi allurar riga-kafi sau uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Jaririnki kuwa a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida kika haihu. Kada a ce sai bayan suna. Jarirai tara cikin goma da suka kamu a lokacin, cutar zama take yi a jikinsu, tana cin hanta shiru shekara da shekaru. Sauran alluran ya samu a mako na 6, na 10 da na 14.

Yayanki ya ga likitan hanta, shi zai duba ko lokacin fara tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar B, ya yi da yadda za a riƙa hoton ciki, galibi duk wata shida. Ya nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san me aka zuba ba.

Akwai kuma abin da ke cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna fumfuna, fumfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda in ta haɗu da ƙwayar B haɗarin dajin hanta yakan ninka. Suya da tafasa ba sa kashe ta. A shanya a kan tabarma ko tamfol har gyaɗa ta riƙa yin ƙara in an girgiza, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Ki tsince wadda ta yamutse, ta sauya launi ko take ɗaci, ki zubar. Irin wannan ce ake sayarwa da araha ta ƙare a ƙuli-ƙuli da kunun yara.