Tambaya da Amsa: Zan iya yanko kiɗan tsohuwar waƙa in saka a nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na fara koyon haɗa kiɗa da FL Studio a laftof ɗin yayana. Akwai wani tsohon kaset na Shata da aka juye min a filashi, ina so in yanko kalangun farko in ɗora masa ganga irin ta zamani in saka a YouTube da Audiomack. Abokina ya ce in dai bai wuce sakan goma ba babu komai, kuma ai mai waƙar ya rasu. Haka ne? Sannan duk yadda na yi, kalangun ba ya hawa kan kiɗana, sai ya riƙa zamewa. Dan Allah a taimaka. Daga wani matashi a Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Na ji daɗi da kunnenka ya kai ga kiɗan gida, Allah ya yi wa sana'ar albarka. Amma maganar abokinka ba haka take ba, babu wata doka da ta ce sakan goma ko biyar kyauta ne, zance ne kawai da ke yawo a situdiyo. Rasuwar mawaƙi ma ba ta sa waƙarsa ta zama ta kowa, haƙƙin yana komawa ga magada ne kamar yadda gida da gona ke komawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa ya rasu a 1999, to ka lissafa da kanka.

Kuma haƙƙin nan biyu ne, nan ne yawancin yara ke ruɗewa. Akwai na waƙar kanta, wato baitoci da karin, akwai kuma na ɗaukar sautin, wanda sau da yawa yana hannun kamfani ko gidan rediyon da ya ɗauka, shi kuma shekara 50 ne daga lokacin da aka fitar. In ka yanko daga kaset ka taɓa duka biyun. Rubuta sunan mai waƙa a ƙasan bidiyo ba izini ba ne, ɗaga sautin sama ko rage gudunsa shi ma bai wanke ka ba. YouTube na da Content ID mai gane sauti, in an yi wa waƙar rajista sai ka wayi gari kuɗin tallan yana tafiya wani wuri ko a toshe bidiyon gaba ɗaya, kuma ko na'ura ba ta kama ka ba magada na da ikon bin haƙƙinsu.

Wannan duk maganar fitarwa ce fa. A ɗakinka, yanka duk abin da ka ga dama ka koya, da haka kunne ke buɗewa.

Zamewar da kake ji kuwa ba laifin laftof ba ne. Makaɗan nan ba da agogon kwamfuta suka yi kiɗa ba, suna bin bakin mawaƙi ne, in ya ɗau zafi su ƙara gudu in ya sassauta su sassauta, ga shi kiɗanmu da yawa tafiyar uku-uku yake yi alhali FL ɗinka a huɗu-huɗu yake buɗewa. Saboda haka kar ka jawo dogon yanki ka ce sai ya zauna. Buɗe shi a Edison, wato wurin yanka sauti na cikin FL, nemo zagaye ɗaya tak inda ba muryar mawaƙi ba ta 'yan amshi, ka riƙa buga tebur da yatsa har ka gano BPM ɗinsa, wato yawan bugunsa a minti ɗaya, sai ka saita naka kiɗan a kansa, ba shi za ka tilasta wa bin naka ba. In har yanzu yana gardama, jefa shi a Slicex, shi ma a cikin FL yake, ya rarraba maka bugu ɗai-ɗai ka sake jera su. Ka yi hankali da ja da yawa, kalangu magana yake yi, makaɗi na matse tsarkiya a hammata sautin ya hau ya sauka, in ka miƙe shi fiye da kima wannan maganar ce ke fara lalacewa. Shuuu ɗin kaset kuma rage shi kaɗan da EQ, abin daidaita kauri da sirantakar sauti, kar ka goge duka, ɗanɗanon yana ciki.

Ni dai shawarar da na fi so ka ɗauka ita ce ka nemo mai kalangu da kansa. Suna nan, a gidan biki, a wajen mahauta, a filin dambe, kuma wallahi da yawansu ba wanda ke kiransu situdiyo tun da fiyano ta karɓe kiɗan nanaye. Ku yi ciniki, ka sa masa abin ji a kunne yana jin gudun kiɗanka, ka ajiye makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar, ya buga maka salo uku ko huɗu, da bugu ɗai-ɗai na sama da na ƙasa. Ku rubuta a takarda cewa ka biya kuma ya yarda ka yi amfani da shi, ku sa hannu da shaida, sannan ka saka sunansa a waƙar. Abin da kawai za ka kiyaye, kar ka ce ya kwaikwayo maka karin wata sananniyar waƙa sak, don haƙƙin farkon nan zai sake biyo ka.

In kuma rimis kake sha'awa, wato sake wa waƙar wani sabon kiɗa, fara da mawaƙan unguwarku masu tasowa, ka roƙi muryar zalla ba kiɗa, ku yi magana kan rabon kuɗi da shafin wanda za a ɗora kafin ka taɓa komai. Idan ka gama na farko turo mana mu saurara.