Amsa: Baba mai ciwon suga da zafin tafin ƙafa, ko Neurobion zai taimaka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce tafin ƙafarsa na zafi da dare kamar an shafa barkono, kana tambaya ko ka sayo masa Neurobion, wato ƙwayar haɗin bitamin B1, B6 da B12, a kemis.

Kafin ka saya, ka duba ko yana shan metformin, wani maganin ciwon suga. Wanda ya daɗe a kansa, bitamin B12 na iya raguwa a jikinsa, kuma ƙarancinsa shi kaɗai ma na iya lalata jijiyoyi har ya kawo irin wannan zafin. Gwajin jini ne zai nuna. In ya yi ƙasa sosai, likita kan fara da allura, kuma sai an yi haƙuri, don jijiya wata da watanni take ɗauka kafin ta farfaɗo.

Amma in sugar ce ke cin jijiyar, ƙwayar bitamin ba za ta yi abin kirki ba sai an daidaita sugar. Kuma kar a zarce da B6, yawansa ma yana lalata jijiyar ƙafa.

Wannan ciwon ba ya jin farasitamol. Amitriptyline ko pregabalin likita kan rubuta. Kullum da yamma ku duba tsakanin yatsunsa, don ƙaya na iya shiga bai ji ba.